Gargaɗi ga Jama'ar Moshi Zongo: Kada Ku Biya Kuɗin Tsohon Gida Kafin Ku San Abin da Kuke Saye

Ya ku iyaye da 'yan uwa na Moshi Zongo a Tamale, da maƙwabtanmu na Sabonjida, Aboabo, Tishigu da Zogbeli, da 'ya'yanmu da ke Kumasi, Nima, Jamus, Italiya da Amurka masu aiko da guminsu gida. Kira ne na gaggawa. Duk wanda yake tsakiyar cinikin tsohon gida a wannan rani, ya dakata. Kada ya ba da kafin alƙalami, kada ya tura ko pesewa ɗaya ta MoMo, kada ya sa hannu a takardar rance da sunan gyara, sai ya karanta wannan har ƙarshe, ko ya sa a karanta masa.

Rani ne lokacin da kasuwar tsofaffin gidaje take ci. Ruwan sama ya ɗauke, iskar hunturu ta shanye danshin bango, kwata ta ƙafe. Buhun siminti biyu da bokitin fenti sun isa su rufe tsagar da ta shekara goma tana buɗewa. Tamale damina ɗaya gare ta, daga wajen Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba, ƙarfinta kuma a Agusta da Satumba yake. Gidan da ka zagaya a Janairu bai gaya maka komai game da kansa ba. Ga shi unguwarmu tana gab da tsakiyar gari, kuma tun da aka buɗe gadar sama a 2022 idon masu kuɗi ya ƙara dawowa nan. Magada suna son a sayar a raba, dillali yana son la'adarsa kafin wani ya riga shi, mai saye yana tsoron kada gidan ya kuɓuce masa. Kowa sauri yake yi, kuma mai biyan kuɗi ne kaɗai saurin yake cutarwa.

Wani ɗan uwana da ya yi shekaru yana aikin ƙarfi a Turai ya sayi gidan haya mai ɗakuna takwas ta waya, a kan hoto da bidiyo da maganar wani da ya yarda da shi. Ya biya a watan Fabrairu. Kuɗinsa suka ƙare a saye, sai ƙaninsa mai albashi ya karɓo masa rancen gyara. An sauke yashi da bulo, an yaye rufin ɗakuna uku, sai ga wata 'yar marigayi mai gidan ta iso daga Kumasi da takardar lauya, ta ce ba a nemi yardarta ba, ba ta kuma ga rabonta ba. Kotu ta tsayar da aiki. Damina ta sauka a kan ɗakunan da ba rufi, bangon gabas ya jiƙe ya zube, sai ga jar ƙasa a ƙarƙashin filastar da aka ce masa bulo ne. Duk wannan lokaci, ƙarshen kowane wata ana cire kuɗin rance daga albashin ƙaninsa. Yau 'yan uwan biyu da ƙyar suke gaisawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu ko ɗaya cikin waɗannan masifu da binciken wata guda ba zai tono ba.

Ku fara sanin wannan, domin a nan yawancinmu muke ruɗuwa: a Ghana babu wata takarda da doka ta tilasta wa mai sayar da gida ya cika, ya lissafa maka aibin ginin. 'Ya'yanmu na Amurka sun saba da wani tsari dabam. A yawancin jihohin can mai sayarwa yana cika fom ya faɗi abin da ya sani na yoyon rufi, ambaliya, gara da matsalar tushen gini, kuma dokar tarayya ta wajabta masa ya yi gargaɗi game da fenti mai dalma in an gina gidan kafin 1978. Mu nan ƙa'idar da muka gada daga shari'ar Ingila ita ce mai saye ya buɗe idonsa. Dokar Filaye ta 2020, mai lamba 1036, ta ɗora wa mai sayarwa wasu alkawura ko da ba a rubuta su ba: cewa yana da ikon sayarwa, cewa ba za a dame ka a zamanka ba, cewa babu wani nauyi a kan gidan da aka ɓoye maka, cewa zai sa hannu a duk takardar da ta rage. Duk waɗannan a kan mallaka suke. Ba su ce komai a kan bango mai ciki ko katakon da gara ta cinye ba. In ka tambaya ya yi maka ƙarya, kana da hanyar ƙara, amma sai ka kawo hujja, maganar baka a zaure kuwa da wuya ta tsaya a gaban alƙali. In ba ka tambaya ba ya yi shiru, yawanci asarar taka ce.

Saboda haka tambayoyinka su zama a rubuce, amsarsa ma a rubuce, da sa hannunsa ko dangwalen yatsansa, gaban shaidu. Ruwa ya taɓa shiga ɗakunan? Wace shekara, har ina ya kai? Bangon ƙasa ne ko bulo, kowane ɗaki? Akwai tsohuwar rijiya ko shadda da aka cike? Akwai kabari a cikin gidan? An taɓa jinginar da shi? Akwai rigima da maƙwabci a kan iyaka? Lauyanka ya sa amsoshin cikin yarjejeniyar, da sharaɗin cewa in ɗaya ta zama ƙarya za a warware ciniki a mayar maka da kuɗinka. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Wanda ya fusata ya ce kana zarginsa, ka gode wa Allah da ya nuna maka tun kuɗinka suna aljihunka.

Sai takarda. A zango muna da wata tsohuwar matsala da ya kamata mu faɗa wa junanmu ba kunya. Kakanninmu baƙi suka zo, Mosawa daga arewa da shanu, Hausawa da goro da tufafi, wasu bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, wasu bayan Turawa sun mayar da Tamale hedikwatar Arewa a 1907. An ba su wuri da goro da fatar baki, suka gina. Sannan a watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su bar ƙasar, mutanen zango da yawa a faɗin Ghana suka tafi a gigice, wasu suka sayar da gidajensu a wulaƙance, wasu suka bar su amana a hannun maƙwabci ko ɗan haya. Ita kanta ƙasar Arewa ta daɗe a hannun gwamnati, tun zamanin Turawa, kafin tsarin mulkin 1979 ya mayar da ita ga masu ita, na 1992 ya tabbatar da haka a sashe na 257. Gidan da ya ratsa duk wannan tarihi yana iya kasancewa wanda ke ciki shekara hamsin ba shi ne mai shi a takarda ba, ko ma babu takardar sam.

Sarkin zango ubanmu ne, shaidarsa a kan tarihin gida tana da nauyi, ku neme ta. Amma ƙasar ta sarautar Dagbon ce, daga Ya Na a Yendi zuwa sarakunan da ke ƙarƙashinsa irin su Gulkpe Na a nan Tamale, in ban da wuraren da gwamnati ta karɓa. Tsarin mulki ya hana sayar da ƙasar sarauta sayarwar har abada. Abin da ake bayarwa haya ce ta dogon zango, yawanci shekara 99 ga ɗan ƙasa mai gina gidan zama, wanda ba ɗan Ghana ba kuwa sashe na 266 ya tsayar masa da ita a shekara 50. 'Yan uwanmu masu fasfo ɗin Nijar, Nijeriya ko Burkina su riƙe wannan. Mai sayen tsohon gida ragowar shekarun yake saye. In an rubuta indenca, wato takardar hayar, ta shekara 99 a 1965, wa'adinta 2064 ne, ba daga ranar da ka biya za a fara ƙirga ba.

Kada kowa ya miƙa maka takardar alokeshan ya ce ga takardar gida. Kotun Ƙoli ta Ghana ta riga ta bayyana cewa wannan takardar ba ta mallakar da fili, matakin farko ce kawai da ke nuna an nuna wa mutum wuri. Ka karɓi kwafin sayit filan, wato taswirar filin, ka ɗauko safiyo mai lasisi na kanka ya auna gidan a ƙasa ya gwada da abin da ke takarda, domin a tsohuwar unguwa irin tamu an sha samun ɗaki ko makewayi a kan filin maƙwabci ko a kan hanyar da aka tsara. Sannan ka kai ofishin Hukumar Filaye na Tamale, wanda kowa ke kira Lans, ka biya kuɗin bincike da sunanka, ka karɓi sakamakon da hannunka. Kada ka yarda da sakamakon da dillali ya kawo maka. Ka je fadar sarkin da ƙasar take ƙarƙashinsa da ofishin filayenta ka ji ko sun san mai sayarwar, ka ji kuma abin da za su nema kafin su amince a juya suna. Akwai rajistar jingina a ƙarƙashin Babban Bankin Ghana, ana iya bincikenta ta intanet da kuɗi kaɗan, ita za ta nuna ko gidan yana ɗaure da bashin wani. Doka ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 15 ga wanda ya sayar da filin da ba nasa ba ko ya sayar wa mutum biyu wuri ɗaya, amma ɗaurinsa ba zai dawo maka da kuɗin da ya riga ya cinye ba.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne gidan gado, yawancin tsofaffin gidajenmu kuwa na gado ne. Babban ɗa ya zo da hula da carbi ya ce shi ne magajin gida, kowa ya yarda. A shari'ar Musulunci bai mallaki komai ba sai rabonsa. Matan marigayi suna da tumuninsu, 'ya'ya mata suna da nasu, wanda ya rasu bayan uban kafin a raba, rabonsa ya gangara ga nasa 'ya'yan, ko suna Agadas ko suna Legas. Malaman Malikiyya kuma sun san shufu'a: in abokin tarayya ya sayar da rabonsa na gidan da ba a raba ba, sauran suna da ikon su biya abin da ka biya su karɓe. A dokar ƙasa ma haka ƙofar take a rufe. Dokar gado ta 1985, mai lamba 111, tana hawa kan kowa in mamaci bai bar wasiyya ba, Musulmi ko wanin Musulmi, kuma ta ce in gida ɗaya ya bari, na matarsa ne da 'ya'yansa gaba ɗaya. Ta kuma mayar da korar matar mamaci ko ɗansa daga gidan kafin rabo laifi. Don haka ka nemi ganin takardar kotu da ta naɗa masu kula da dukiyar marigayin, da takardar da ta miƙa gidan ga magada. Ka sa a rubuta maka sunan kowane magaji, ka yi magana da kowannensu da bakinka, mata kafin maza, domin su aka fi tsallakewa. Wanda yake nesa ya aiko da wakilci a rubuce. In mai gidan yana raye kuma ya sayi gidan ne yana da aure, sashe na 47 na Dokar Filaye ya hana shi sayarwa ko jinginarwa sai da rubutacciyar yardar matarsa. Wannan sashen zai hau kanka kai ma ranar da za ka kai gidan banki.

Kada ka manta da waɗanda ke kwana a ɗakunan. Dokar haya ta 1963 ta taƙaita kuɗin gaba a wata shida, amma duk mun san shekara ɗaya ko biyu ake karɓa. Mai sayarwa zai tafi da kuɗin, ya bar ka da ɗan haya mai rasit, ba kuma za ka fitar da shi da ƙarfi ba sai ta hanyar ofishin kula da haya da kotu. Ka shiga ɗaki ɗaki ka tambaya: haya kake ko zaman arziki, yaushe kuɗinka zai ƙare? Tsohuwar da ke ɗakin ƙurya wadda aka ce maka "ai 'yar uwa ce, za ta tashi", sau da yawa ita ce mai rabo mafi tsufa a gidan. Bashin wutar NEDCo, na ruwa, harajin gida na majalisar birni, wato Asambili, da kuɗin ƙasa na shekara, duk a ga rasit ɗinsu kafin biya.

Yanzu ginin kansa. Kada ka tafi da maginin da yake sa ran samun aikin gyaran, domin shi kowane kango mai gyaruwa ne a wurinsa. Ka biya injiniyan gini ko ƙwararren da ba ruwansa da cinikin, ya rubuta maka abin da ya gani. Kai ma ka ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa daga ƙasa zuwa sama. Inda ya yi ƙarar ganga, filasta ta rabu da abin da ke bayanta. Siminti a kan bangon ƙasa mugun haɗi ne: ƙasa tana shan ruwa daga tushe, siminti ya hana ta numfashi, sai ta ruɓe a ɓoye alhali waje yana sheƙi. Ka nemi izini a fasa tafin hannu ɗaya a gindin bangon da ruwa ya fi duka, ka ga abin da ke ciki. Sabon fenti da ya tsaya iya gwiwa ko iya ƙugu, alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa ce. Tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, tana faɗi tana hawa, tushe ne yake nutsewa, filasta ba ta maganinta. Ka sa a ɗaga silin a haska katako, a soka masa ƙusa. Katakon da ake kira wawa mai araha ne da ƙwari ke so, kuma rufin da katakonsa ya mutu shi guguwar farkon damina take fara ɗauka. Tsohuwar wayar wuta da aka yi ta ƙari a kai ɗaki bayan ɗaki, mai aikin wuta mai lasisin Hukumar Makamashi ya duba ta.

Ka tsaya a bakin zaure ka dubi titi. In an ɗaga hanya da kwata sun fi tsakar gidan tudu, to duk ruwan layin gidanka zai nufa, kuma maganinsa cike gida da ɗaga ƙofofi, wani lokaci har da rufi. Waɗanda suka ga ambaliyar 2007 a Arewa, da wadda ta auka wa Tamale a Yulin 2017, sun san yadda bangon ƙasa yake zama kunu cikin dare ɗaya. Ka tambayi matan maƙwabta, masu shara da girki a tsakar gida. Su suka kwashe ruwa da kwano, su suka san ranar da shaddar gidan ta rufta. Dillali ba zai kai ka wurinsu ba, kai za ka je da sallama.

Mai niyyar ɗora bene a kan tsohon tushe, ina roƙonsa don Allah ya bari sai injiniya ya tona ya gani. Tushen da aka yi don ɗaukar kwano ba zai ɗauki kankare da rodi da mutane ba. Kuma rushewa da sake gini, ko ƙarin bene, ko mayar da ɗakunan gaba shaguna, duk suna bukatar izinin gini daga Asambili, su kuma takardar fili za su fara tambaya. In babu, jan fenti ne a bango da umarnin a tsayar da aiki.

Ga inda rance yake shigowa, kuma nan ne zuciyata ta fi tsinkewa. A Amurka akwai rancen da gwamnati ke tsaya wa, mai suna 203(k), wanda yake haɗa kuɗin saye da na gyara a bashi ɗaya, a ajiye na gyaran a gefe ana sakinsa bayan an duba aiki. Bankunan Ghana ma suna da rancen gyaran gida da na ƙarasa gini, amma sai ka kawo takardar mallaka mai rajista da sunanka, da rahoton mai kimanta gida, da lissafin kayan aiki, da shaidar samun kuɗi a kai a kai, da inshora. Gidan da ke kan alokeshan ko kan sunan kaka ba zai wuce teburin farko ba. Mutum ya riga ya zuba duk abin da ya tara a saye, gida ba ya zaunuwa, banki ya ce a'a. Daga nan sai rancen albashi, ko ƙananan kamfanonin ba da bashi, ko mai ba da kuɗi da ruwa na unguwa. Wannan ita ce hanyar da take kai mutane ƙasa.

Ku yi lissafin da kanku. A ce ka karɓi sidi 100,000 a banki da ruwa kashi 30 cikin 100 a shekara, na shekara uku, ana lissafa ruwan a kan abin da ya rage. Za ka riƙa biyan wajen sidi 4,245 kowane wata, jimla kusan 152,800. A ce kuma wani ya ce maka nasa "kashi 4 ne kacal a wata", amma a kan uwar kuɗin gaba ɗaya har ƙarshe, na shekara biyu. Ruwan kaɗai 96,000 ne, za ka mayar da 196,000, wajen 8,167 a wata, kuma in aka auna shi da ma'aunin banki ya haura kashi 70 cikin 100 a shekara. Ɗakuna nawa za ka ba haya a Moshi Zongo su kawo wannan? Wata nawa za a yi kafin ɗan haya na farko ya shiga? Gyaran tsohon gida kuma bai taɓa tsayawa inda aka yanka masa ba, domin sai an yaye ake ganin ciwon. A Disambar 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kashi 54.1 cikin 100, a Yulin 2023 Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 30. Waɗanda suka fara gyara kafin lokacin sun ga kuɗin kwano da siminti sun gudu sun bar rancensu a rabin bango. Abubuwa sun lafa a 2025, amma yarjejeniyar da ruwanta ke bin kasuwa tana hawa kamar yadda take sauka. Wanda yake samun kuɗinsa da sidi kada ya kusanci rancen dala: a farkon 2022 dala tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta ninka haka har da ɗori.

Dokar masu ba da rance da masu karɓa ta 2020, mai lamba 1052, ta ba ka haƙƙin a ba ka bayani a rubuce kafin ka sa hannu: uwar kuɗi, ruwan shekara, duk wasu caje-caje, jadawalin biya da jimlar abin da za ka mayar. Ka karɓa ka tafi da shi gida, wanda ya iya lissafi ya duba maka. Ita wannan dokar kuma ta ba mai ba da rance ƙarfi: in ka gaza biya ya ba ka sanarwar kwana 30, bayan haka yana iya bin hanyar rajistar jingina ya sayar da abin da ka jinginar ba tare da ya kai ka kotu ba. Don haka kada ka jinginar da gidan da iyalinka ke ciki don gyaran wanda ba ka tabbatar da shi ba. Kada ka sa ƙaninka malamin makaranta ko ƙanwarka nas su tsaya maka da albashinsu. Ka tabbatar mai ba ka rancen yana da lasisin Babban Banki. A Mayun 2019 an soke lasisin ƙananan kamfanonin kuɗi 347 a rana ɗaya, kuma rushewar kamfani ba ta yafe wa wanda ake bi bashi.

Ban manta da maganar riba ba, kuma ban isa in yi fatawa ba, wannan na malamanmu ne, ku tambaye su kafin ku sa hannu, kada ku bari sai bayan. Abin da na gani da idona shi ne iyayenmu da susu da adashi suka gina gidajen nan, ɗaki ɗaya bana, ɗaya baɗi. Wanda ya sayi gida mai tsabtar takarda, ya fara da rufi da magudanar ruwa, ya gyara ɗakuna biyu ya sa haya, kuɗin hayar suka gyara na uku, zai daɗe bai gama ba, amma ba mai buga masa ƙofa ƙarshen wata. In kuɗinka ba za su isa saye da rufi da ajiyar ko-ta-kwana ba, gidan ya fi ƙarfinka a bana.

Ku kuma masu sayarwa da dillalai, 'yan uwanmu ne ku, sahu ɗaya muke tsayawa. Shirun da dokar ƙasa ta ƙyale, addini bai ƙyale shi ba. Kun san labarin mai tsibin abinci a kasuwar Madina da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya bar busasshen a sama, da irin tsawatarwar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa. Malaman Malikiyya sun yi wa aibin gida bayani dalla-dalla: ƙaramin da ba ya rage daraja ba a komawa kansa, matsakaici ana rage wa mai saye kuɗi gwargwadonsa, babba kuwa, irin tsagar da ake tsoron ta kayar da gida, yana ba shi ikon mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Shafa fenti a kan tsaga don kada a gani ha'inci ne. In bangon nan ya faɗa wa yaro yana barci a watan Agusta, ba kuɗi za a tambaye ku ba. Limamai su faɗi wannan a huɗuba kafin damina, masu unguwa kuma kada su sa hannu a matsayin shaidu sai sun ji daga bakin kowace mace mai rabo.

In komai ya fito da tsabta, lauya ne zai rubuta takardar juya mallaka, haka Dokar Filaye ta ce, kuma naka lauyan, ba na mai sayarwa ba. Dokar dillancin gidaje ta 2020, mai lamba 1047, ta ce dillali ya zama mai lasisi, biya kuma ta banki, ceki ko tura kuɗi, ba tsaba a leda ba. Ka biya kashi-kashi: kaɗan ranar sa hannu, mafi yawa ranar da aka miƙa maka takardun asali da makullai, gida ba kowa ciki, ka riƙe wani abu sai an buga hatimin haraji an shigar da takardar rajista a Lans. In za ka iya jan cinikin har ruwa ya sauka sau biyu ko uku ka shiga gidan ana tsaka da ruwan, ka ja.

Wanda kuma ya riga ya biya, wannan takarda ta same shi a makare, kada ya sauke ko tifa ɗaya ta yashi, kada ya yaye rufi, kada ya karɓi rancen ko da an amince masa. Ya tattara rasit, saƙonnin waya, shaidar MoMo da sunayen waɗanda suka halarci cinikin, ya kai wa lauya a wannan makon, mai ƙaramin ƙarfi ya nufi ofishin Hukumar Taimakon Shari'a da ke Tamale. Gobe da safe ya je Lans ya shigar da binciken da ya kamata ya yi tun farko.